Salula ta ce 985, meteo ta ce 1011, wa ke ƙarya?

Salamu alaikum jama'a, saƙonni sun taru wannan mako kuma abin mamaki kusan duk a kan abu guda ne, wato auna nauyin iska da salula, don haka na haɗa su wuri ɗaya.

Wata Hajiya daga Wadata ta ce jikanta ya sa mata manhajar auna nauyin iska a Itel ɗinta, amma allurar ko motsi ba ta yi.

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, salularki ba ta da barometa a ciki, wato ɗan na'urar da ke auna nauyin iska, yawancin ƙananan wayoyi ba a sa musu. Ki goge manhajar, kuma ki ce wa yaron ya bar cika miki waya da tarkace.

Sai wani ɗalibi daga Talladje, ya ce Samsung ɗinsa tana nuna nauyin iska 985 alhali manhajar meteo tana cewa 1011 a Yamai. Ya kai wa mai gyara, an karɓi jikka uku an wanke wayar kakaf, hotuna sun tafi, lamba tana nan 985.

Ƙanena, kai da kake kwana kana tashi da ƙarar jirgi a kanka, ai da ka tambaye ni kafin ka yi sadakar jikka uku. Wannan ɗabi'a ita ke ƙona mani rai, da mutum ya ga lambar da bai gane ba sai ya ruga wajen mai gyara, shi kuma mai gyara maganin ciwon kai da na ciwon ƙafa duk ɗaya ne a wurinsa, a wanke waya. Salularka lafiyarta lau, meteo ma ba ta yi ƙarya ba, kowa daga inda ya fara awo ne ya bambanta.

Iska tana da nauyi, tana danne mu, kuma in ka hau sama nauyin yana raguwa, a nan ƙasa-ƙasa kusan 1 hPa (ma'aunin nauyin iska ke nan, irin lambar da wayarka ke nunawa) a kowane mita 8. Filin jirgin Diori Hamani da ke kusa da ku yana wajen mita 220 sama da teku, raba 220 da 8 ka gani, 27 ko kusa da haka, to cire shi daga 1011. Ka ga lambarka ta fito ko? Wayarka tana faɗin nauyin iskar da ke cikin aljihunka ne, meteo kuwa ta yi lissafi kamar an haƙa rijiya a Yamai har an kai daidai da teku sannan aka auna a can ƙasa, don in ba a yi haka ba babu yadda za a kwatanta Yamai da Tawa da Agadas a taswira guda, kullum garin da ya fi tudu zai zama kamar hadari na shirin faɗa masa.

Masu jirgi suna da sunaye na waɗannan, kuma kar ka wahalar da kanka neman fassarar haruffan, lambobin Q ne da aka gada tun zamanin waya ta tangaraho. QFE shi ne nauyin iska a kan filin kansa, in matuƙi ya sa shi a agogon tsawo, jirgi na ƙasa agogo na nuna sifili. QNH shi ne wanda aka mayar daidai da teku, da shi agogo zai nuna tsawon filin, wato ƙafa ɗari bakwai da ɗoriya a Yamai. Masu zana taswirar yanayi suna da nasu QFF, wanda ake lissafawa da zafin ranar na gaskiya, shi ya sa a bazararmu yake ɗan saɓa wa QNH. Sannan in jirgi ya yi sama sosai kowa sai ya ajiye lambar gari ya sa 1013.25, Amurkawa su ce 29.92 da nasu ma'aunin, ko daga Jidda ka taso ko daga Faris, don in kowa ya riƙe lambar garinsu jirage biyu za su iya zaton akwai tazara a tsakaninsu alhali suna hanya guda. Wannan ƙafa 35,000 da kake gani a Flightradar24, manhajar bin sawun jirage, a kan 1013.25 aka lissafa ta. Kuma kuskuren 10 hPa kawai wajen sauka mita 80 ne, ka tuna wannan cikin hazon hunturu da ba a ganin gaba.

Ni dai abin da nake yi, kuma na sha faɗa muku, kowace safiya kafin shayi ina rubuta METAR DRRN a intanet, rahoton filin jirgin Yamai ke nan, na Tawa DRRT. Layi ɗaya ne mai kama da rubutun aljanu amma ka nemi inda aka sa Q da lamba huɗu, misali Q1011, shi ne QNH, ka sa shi a manhajarka. Kyauta ne, ba ya cin kredi kamar bidiyon da kuke kallo har asuba.

Wani mai shago a Tawa ya ce agogon hannunsa ya nuna ya hau mita 20 tsakanin hantsi da la'asar, shi kuwa yana kan benci bai tashi ba sai salla.

Alhaji ba ka tashi sama ba tukuna. A ƙasashenmu masu zafi nauyin iska yana hawa wajen ƙarfe 10 ya sauka wajen ƙarfe 4, da rana da kuma da dare, da 2 ko 3 hPa, agogo kuma sai ya ɗauka tudu ka hau. Ka daidaita shi da GPS.

Na ƙarshe, wani mai niyyar umra yana tambaya ko salularsa za ta nuna masa tsawon da jirgi yake in sun tashi.

A'a Malam. Cikin jirgi ana matsa iska, barometa zai ce kuna wajen mita 1,800 zuwa 2,400 ko da kuna sama da mita 10,000. Akwai allo a bayan kujerar gabanka, ka duba can, ka bar batir don hotunan Madina.