471 na jikin baristo ba 471 na kafasito ba ne

Tambaya: Ina gyaran talabijin a Kano. An kawo mini wata fiyus ɗinta ya tsinke, wani shuɗin faifai kusa da shi ya fashe, a jikinsa an rubuta 14D471K. Na auna irinsa mai lafiya, mita ta nuna wajen pikofarad 400. Maigidana ya ce kafasito ne, in sa kowane 471 na samu. Na sa, talabijin ta tashi, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Ko na cuci mai kaya?

Amsa: Ɗan'uwa, ka kira mai talabijin ya dawo da ita. Abin da ya fashe baristo ne, wato abin da ke kare talabijin idan wuta ta harbo da ƙarfi. A jikin kafasito 471 na nufin pikofarad 470, a jikin baristo kuwa bolt 470 ne, inda yake fara barin miliamfiya 1 ya wuce. Lamba 14 faɗin faifan ce a milimita, K kuma sassaucin kashi 10 cikin ɗari.

Mitarka ba ta yi ƙarya ba. Baristo ƙwayoyin zinki oksaid ne da aka gasa da ɗan bismut, kobal da manganis. Cikin ƙwayar wuta na bi cikin sauƙi, amma a iyakar kowace ƙwaya da maƙwabciyarta akwai siririn shinge da ke tare wuta har wajen bolt 3. Shingayen nan ne ke riƙe caji. Shi ya sa ƙimar dayilektirik (ma'aunin iya riƙe caji) ta zinki oksaid zalla ba ta wuce 8 zuwa 9, amma gasasshen faifan yakan nuna kamar 1000. Wutar gida ta bolt 230 ƙololuwarta 325 ce, don haka shingayen na tsaye. Da tsawa ta harbo wuta sama da wajen bolt 470 sai su buɗe nan take, ambaliyar ta bi ta baristo maimakon ta shiga bod. Kafasito ba ya wannan aikin ko kaɗan.

Abin da ke ci mini rai kullum shi ne hujjar nan ta "ai ta tashi". Talabijin za ta tashi ko an cire baristo baki ɗaya, domin a gicciye yake tsakanin layin wuta da nutural, bayan fiyus. Wannan ne ya ba wasu ƙarfin halin datse shi da filaya, su ɗaure fiyus da zaren waya, su karɓi kuɗin mutane. Wani ma ya sa sabon baristo amma ya bar wayar a gurbin fiyus, wanda ya fi muni. Ranar da nutural ya tsinke a falwaya, wajen bolt 400 na iya shigowa gida. 14D471K bolt 300 kawai yake jurewa a kai a kai. Zai yi zafi, zafin ya ƙara masa yoyo, yoyon ya ƙara zafi, har ya haɗe layukan biyu. Fiyus ne ya kamata ya tsinke a lokacin. Idan waya ce a wurin, robar talabijin ce za ta kama, wataƙila cikin dare yara na barci a ɗakin.

Duba rubutun bod: RV, VDR, ZNR ko MOV baristo ne, C ko CY kafasito. Sa mai lamba iri ɗaya, faɗinsa 14 ko 20, kada ka sauka zuwa 7 ko 10. Fiyus ma daidai amfiyar da aka rubuta. Kafin ka liƙa, gwada baristo ɗin da mega, mitar auna juriya da babban bolt: a bolt 250 ya nuna juriya mai yawa, a 500 ta faɗi. Wanda ya yi yoyo tun a 250 ya gaji, jefar da shi.