Darasin ɗa'a a ajin kwamfuta: ɓata lokaci ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta. Bana an cusa mana darasin ɗa'a na mako uku a kwas ɗin ƙirƙirarriyar basira, alhali ko manhajar kirki ba mu gama iya rubutawa ba. Tarbiyya ai a gida da Islamiyya muka samo ta. Wannan ba ɓata lokaci ba ne?
Ɗalibarka daga Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. In dai karanto muku ƙa'idojin ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2021 ake yi don ku haddace ku zuba a jarrabawa, to ban ga laifinki ba, ni ma da na yi gyangyaɗi.

Amma bari mu zo gida. A ce gobe banki ya ɗauke ki ki gina manhajar tantance masu neman rance. Kika cire addini da ƙabila daga bayanan, kika bar adireshi. Ke da kika tashi a Jos kin sani, tun rikicin 2001 sunan unguwa kaɗai ya isa a gane inda mutum yake ibada. Idan a tsofaffin takardun bankin an saba hana mutanen wata unguwa, manhajar za ta kwashi wannan hali kaf, ta ci gaba da hana su, ke kuma kina nan da kyakkyawar niyyarki ba ki ma san an yi ba. Malamin Islamiyya ya koya miki haramcin zalunci. Nemo zaluncin cikin layukan bayanai dubu hamsin kuwa, sai a ɗakin kwamfuta.

Manya ma sun faɗa wannan rami. Amazon ta jingine manhajar tace masu neman aiki bayan ta gano tana danne mata, saboda takardun shekara goma da aka horar da ita da su yawanci na maza ne. A 2018 Joy Buolamwini ta jami'ar MIT da ke Amurka ta gwada manhajojin tantance namiji ko mace daga hoton fuska: kuskurensu a kan mata baƙaƙe ya kai kashi 34.7 cikin 100, a kan maza farare bai kai kashi 1 ba. Fuskarki ce fa ake magana.

Ga kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda duk mai taɓa lambobin wayar jama'a ya kamata ya karanta, ko don abin da manhajojin rance suka yi wa mutane na tura saƙon cin mutunci ga danginsu.

Ki sami malaminku cikin ladabi, ki roƙi a mayar da makonnin nan uku ɗakin kwamfuta: a ba ku bayanai, ku horar da manhaja, sannan ku raba kuskurenta, na maza daban, na mata daban, unguwa-unguwa. Abin da kika gani, ki rubuto min.