Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Ƙona Ƙarin Hanta da Allura

Salamu alaikum Likita. Mahaifinmu yana asibiti a Indiya, an gano ƙari a hantarsa mai faɗin santimita 2.5. Sun ce ba za a yi masa tiyata ba, da allura za a ƙona shi, kuma wai da mutum-mutumi. Hankalinmu ya tashi, na'ura ce za ta yi wa Baba aiki? (Daga Zariya)

Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ku kwantar da hankalinku, likita ne zai yi aikin da hannunsa.

Ana soka wata siririyar allura ta fata har cikin ƙarin, bakinta ya fitar da zafi. Da zafin ya haura digiri 60, ƙwayoyin daji sun mutu nan take. Akwai kuma allurar da ke daskarar da ƙarin da tsananin sanyi. Ramin da ake bari bai wuce a rufe shi da filasta ba, yawanci kwana ɗaya ko biyu a sallami mutum.

Wahalar tana wajen saiti. Ƙarin Baba bai wuce goro ba, yana can cikin hanta a bayan haƙarƙari, ga maɗaciya da hanji a kusa, ga hantar tana hawa da sauka duk lokacin da ya ja numfashi. Kuma ƙarin kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da milimita 5 zuwa 10 na naman da ke kewaye da shi, don a nan saiwar cutar kan ɓuya. Idan babbar jijiyar jini na gefe, jinin da ke wucewa yakan kwashe zafin, gefen ya ƙi ƙonewa sosai.

A nan kwamfuta ke shigowa. Ana ɗaukar hoton CT, wato hoton cikin jiki dalla-dalla, ta fitar da siffar hantar ta kowane ɓangare, likita ya zana hanyar da allura za ta bi da iyakar wurin da zai ƙone, tun kafin a taɓa fata. Sai hannun na'urar ya matso ya tsaya cak a kan layin da aka zana, yana riƙe da ɗan bututu, likita ya tura allurar ta ciki. Ana sa majiyyaci barci, a riƙe numfashinsa na ɗan lokaci don kada hantar ta motsa. Bayan an gama a sake hoto, kwamfuta ta ɗora sabo a kan tsoho a ga ko an bar wani gefe. A ganina wannan dubawar ta ƙarshe ta fi hannun na'urar kansa amfani, don in da saura, a take ake ƙarasawa.

Irin waɗannan na'urori akwai MAXIO ta kamfanin Perfint da ke Chennai a Indiya, da Epione ta Faransa wadda Amurka ta amince da ita a 2022. Ku tambayi likitan sau nawa ya yi wannan aiki, kuma yaushe za a dawo hoton bibiya.

Likita, ƙarin hantar maigidana santimita 12 ne, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya. Ko wannan allurar za ta yi masa? Mun shirya sayar da gona. (Daga Maraɗi)

Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki. Gaskiyar da zan faɗa miki ba mai daɗi ba ce: allurar ta fi aiki a ƙarin da bai wuce santimita 3 ba, guda ɗaya zuwa uku. A Innsbruck ta ƙasar Ostiriya sukan jera allurai da yawa su ƙona wanda ya fi haka, amma sai hantar na da sauran ƙarfi. Kumburin ciki da shawara alama ce cewa hantar ta gaji. Kada a sayar da gonar nan tukuna. Ku ga likitan hanta, a rage masa ruwan cikin, a ba shi maganin zafi mai ƙarfi, a duba ko jikinsa zai ɗauki magungunan da ke rage gudun cutar.

Shekarata 34, an ce ina da ciwon hanta nau'in B, amma lafiyata ƙalau. Me ya haɗa ni da wannan magana? (Daga Kano)

Malam, kai ne na fi so ka karanta shafin nan. Ciwon hanta nau'in B shi ne kan gaba wajen jawo dajin hanta a Afirka ta Yamma, gubar funfunar gyaɗa da masarar da ba su bushe ba tana ƙara masa ƙarfi. Ƙaramin ƙari ba ya ciwo, shi ya sa galibin mutanenmu ke iso mana bayan ya cika hanta, abin da ke ci mini rai ke nan. Ka riƙa yin sikanin ciki da gwajin jini na AFP, mai neman alamar dajin hanta, duk wata 6, likita ya duba ko kana buƙatar maganin tenofovir. A gwada iyalinka da 'yan'uwanka, wanda ba shi da cutar a yi masa rigakafi. In an yi muku haihuwa, a yi wa jaririn allurar rigakafi ta farko cikin awa 24.