Amsa: Kulle firij a gidan kula da nakasassu a Ostireliya, doka ta yarda?

'Yar uwa, kin ce shugabar aikinku ta sa ki riƙa kulle firij saboda wani mazaunin gidan yana cin abinci ba ƙaƙƙautawa. A tsarin NDIS, wato shirin gwamnatin Ostireliya na tallafa wa nakasassu, wannan takurawa ce da doka ta sa wa ido, ɗaya daga cikin iri 5: killace mutum shi kaɗai, ba shi magani don a sauya halinsa, ɗaure shi da wani abu, riƙe shi da ƙarfi, da hana shi isa ga kayan muhallinsa. Kulle firij na ƙarshen ne.

Kafin ki taɓa kwaɗon, nemi a nuna miki takardar tsarin kula da halayyarsa. Ƙwararren da hukumar NDIS Commission, mai sa ido kan masu ba da hidima a tsarin, ta amince da shi ne ke rubuta ta: ta wucin gadi cikin wata 1, cikakkiya cikin wata 6, wadda sai an binciki musabbabin halin kafin a rubuta ta, ana kuma sabunta ta aƙalla duk wata 12. Izinin takurawar kuwa bisa tsarin jihar da kuke ake samunsa.

In ba izini, dole kamfanin da ke gudanar da gidan ya kai wa hukumar rahoto cikin kwanakin aiki 5. Mummunan rauni ko cin zarafi, cikin awa 24.

Inda abin ke lalacewa shi ne yawan canjin ma'aikata. Sabon ma'aikaci ya karɓi aikin dare bai karanta takardar ba, sai ya kulle har kicin ɗin, alhali firij kawai aka amince. Ki riƙa rubuta lokaci da dalili duk sanda kika kulle, domin da shi ake haɗa rahoton wata-wata da ake kai wa hukumar.