Tambaya da Amsa: Shin farin ruwan inabi yana ƙara daɗi idan ya daɗe a ajiye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Shari'a Mansur ce a Makka. Maigidana ya sayo mana farin inabin Ɗa'ifa kwali-kwali, da ya yi mana yawa sai na matse wani na ɗura a gorori. Bayan kwana biyu a kicin gorar ta kumbura, ruwan ya soma kumfa, zaƙinsa ya ja baya. Ƙanen maigidana, wanda ya yi karatu a Turai, ya ce a can har shekaru ake ajiye farin ruwan inabi, wai daɗi yake ƙarawa. Shin haka ne? Idan kuma khal, wato biniga, nake so, yaya zan gane mai kyau? Daga wata mai karatu a Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da ƙanen maigidanki ya gani ana ajiyewa a Turai giya ce, wato ruwan inabin da yis ya cinye sukarinsa ya mayar da shi barasa, kuma barasar da tsamin da ke cikinta su ne suke hana ta lalacewa. Ruwan inabin da aka matse a gida ba shi da wannan kariya. Akwai yis a jikin ɓawon inabi tun daga gona, kuma nunannen inabi yakan ɗauki sukari kusan kashi 20 cikin 100, saboda haka a zafin Makka aikin yakan fara cikin kwana ɗaya ko biyu, kamar yadda kunun zaƙi yake juyawa idan ya kwana a waje. Iskar da ta kumbura miki gora shaida ce cewa aikin ya kankama, don haka shawarata ita ce ki zubar da wannan.

Magabata sun san iyakar abin tun kafin a san sunan yis. Ya zo a Sahihu Muslim daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, yana sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, daga nan sai ya sa a bai wa wani ko a zubar. A kan wannan ne Hambaliyya, mazhabar da ta fi rinjaye a ƙasar nan, suka ce ruwan inabi ya haramta da zarar ya yi kumfa ko ya cika kwana 3, yayin da Malikiyyarmu suke duba ko ya kai ga bugarwa. Naki dai ya riga ya yi kumfa.

Nan gaba idan inabi ya yi yawa, ki matse, ki tace, ki ɗora a wuta har ya yi zafi sosai yana tururi, kimanin digiri 80, na 'yan mintuna, sannan ki zuba a kwalba mai tsabta ki sa a firij, ko ki daskarar da shi a firiza inda zai yi watanni. Da irin wannan dabara Thomas Welch ya fara adana ruwan inabi marar barasa a Amurka a 1869. Amma kada ki sa ran zai ƙara daɗi, domin farin ruwan inabi yana yin duhu idan iska ta taɓa shi, ƙamshinsa kuma yana dusashewa. Ƙananan duwatsu masu kama da gishiri da za ki iya gani a ƙasan kwalba tsamin inabin ne ya daskare, ba su da illa.

Abin da tsufa yake yi wa rana shi ne khal, wanda Annabi (SAW) ya yabe shi da cewa madalla da shi a matsayin mahaɗin abinci. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne, waɗanda Louis Pasteur ya bayyana aikinsu a shekarun 1860, suke amfani da iska su mayar da barasa tsami. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juya khal da kanta ta tsarkaka, sun kuma saɓa a kan wadda aka juya da gangan: Hanafiyya sun halatta, Shafi'iyya da Hambaliyya sun hana, saboda hadisin Anas da aka tambayi Annabi (SAW) ko a mayar da giya khal ya ce a'a. Hanyar da littattafan Hambaliyya suka bayar ita ce a zuba khal a kan sabon ruwan inabi tun kafin ya yi kumfa.

Akwai wuraren da suka ƙware a tsufar da khal. A Modena ta Italiya ana dafa ruwan inabi, har da farin nan da ake kira Trebbiano, sai ya yi kauri, sannan a riƙa juya shi daga babbar ganga zuwa ƙarama, kowace da irin itacenta, aƙalla shekara 12, mafi tsufa kuma shekara 25, a sayar da shi a 'yar kwalba mai mililita 100. Ruwa yana tsanewa ta jikin katako, tsamin yana laushi, launin yana komawa baƙi. Galibin mai araha da ke kantunan Jidda da sunan Modena kwana 60 kawai doka ta wajabta masa, kuma akan ƙara masa ƙonannen sukari don launi. A yankin Heres na Sifaniya, inda farin inabin Palomino ya fi yawa, matakan tsufar khal su ne wata 6, shekara 2, da shekara 10.

Wajen ɗanɗano, ki zuba cokali guda a ƙaramin kofin gilashi ki ɗaga shi a gaban farar takarda. Khal ɗin farin inabi mai ƙuruciya yakan zama garau, launin ruwan ɗorawa mai haske. Kada ki cusa hanci a kofin, ki kaɗa shi ki shinshina daga nesa kaɗan. Mai kyau yana da ƙamshin 'ya'yan itace a bayan tsamin, wanda ya ɓaci kuwa yana warin maganin goge jan farce ko na fumfuna. Sannan ki sirka shi da ruwa ninki uku, ko ki ɗiga a kan burodi, ki lura ko tsamin yana bazuwa a hankali ya bar gardi a baki, ko kuwa yana yankar maƙogwaro ya wuce. Ki kuma karanta jikin kwalba, domin akwai farin khal na masana'anta wanda sinadarin tsami ne kawai aka sirka da ruwa, kuma ko shekara nawa ya yi ba zai canza ba. Na inabi yawanci tsaminsa kashi 6 ne cikin 100. Ki ajiye shi a kwalbar gilashi mai murfi, nesa da rana da murhu, ban da kwanon ƙarfe ko na alminiyam domin tsami yana cin su. Idan wani abu mai yauƙi ya taso a sama, uwar khal ce, ki tace kawai.

Idan kuwa ɗanɗanon farin inabi marar zaƙi kike nema a girki, ki tambayi masu shagunan kayan Sham ruwan husrum, wato ruwan ɗanyen inabin da bai nuna ba. Sukarinsa kaɗan ne, tsaminsa ya fi na khal laushi, kuma mutanen Sham da Iran sukan dafa shi da gishiri su ajiye har kakar gaba. Yana shiga salak da miyar kuɓewa a madadin lemon tsami, sai dai ki rage gishirin girkin saboda wanda ke cikinsa.