Hukuncin Baƙin Ganash na Adon Kek: Giya, Filebo da Kala

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni mai sana'ar kek ce a Pantami, cikin garin Gombe. Abin da ake yayi yanzu wajen kamu da walima shi ne kek mai baƙin ado, wanda ake lulluɓewa da ganash, wato cakulan da aka narkar a kirim mai zafi. Wadda na koya a wurinta ta intanet tana zuba cokali biyu na giyar ram, wai don ƙamshi, wai zafi yana kore ta. Ni ban taɓa zubawa ba, amma na ga an rubuta alkohol a kwalbar filebon banila da nake amfani da shi. Baƙar kalar ma ban san da me aka yi ta ba. Sannan uwar mijina ta ce baƙin kek a biki ba alheri ba ne. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa wa sana'arki albarka, 'yar uwa.

Asalin abinci halal ne sai abin da nassi ya cire, kamar yadda aya ta 168 a Suratul Baƙara ta nuna. Koko, wanda da shi ake yin cakulan, ɗan itace ne, ana noma shi a Ondo da Kuros Riba, kirim kuma daga madara yake. A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce Annabi (SAW) yana son kayan zaƙi da zuma, Bukhari ya ruwaito. Saboda haka ganash a kan kansa babu komai a cikinsa. Launin ma haka. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya shiga Makka ranar buɗe ta da baƙin rawani, kuma ya hana camfi. Ki faɗa wa Hajiya wannan cikin ladabi, kada ki mai da shi gardama.

Giyar ram kuwa haram ce, ko ɗigo ɗaya. Annabi (SAW) ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Batun wai zafi na kore ta ba ya tsayuwa ko a ma'aunin girki. Ganash ba a gasa shi. Ana ɗora kirim ne har ya fara alamar tafasa, a sauke, a juye a kan yankakken cakulan, a bari ya yi laushi, a juya. A ƙarshe ake zuba giyar, da gangan, don kada ƙamshinta ya gudu. Ina wutar da za ta kore ta? Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya giya najasa ce, abinci mai ruwa-ruwa kuwa yana najastuwa da najasa komai ƙanƙantarta, kamar yadda Shehu Khalil ya faɗa a Mukhtasar. Kwanon da ta faɗa sai zubarwa. Ko wanda ba Musulmi ba ne ya kawo oda ya ce lallai a sa masa, ba za ki sa ba, domin la'anar giya ta haɗa da mai sayenta, mai sayar da ita da mai shayar da ita. Wannan ya shafi masu jiƙa hodar zinare da giyar bodka don zane a jikin kek.

Filebo ne inda malamai suka yi saɓani, kuma nan nake so ki natsu. Akwai bambanci tsakanin giyar sha da aka zuba don ɗanɗanonta, da alkohol ɗin da masana'anta ta sa don ya narkar da ƙamshi ko kala. Taron malaman fiƙihu da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 ya rarrabe su kamar haka: ya haramta abincin da aka sa wa giya komai ƙanƙantarta, har ya ambaci wasu nau'o'in cakulan da askirim na ƙasashen Turawa, amma ya yi sauƙi ga ɗan alkohol ɗin da ake narkar da kala da makamantanta, saboda ya game gari, kauce masa na da wuya. Wasu malamai ba su yarda da wannan sauƙin ba, suna ganin najasa najasa ce.

Abin da nake rinjayarwa: wanda ya ci kek mai ɗan filebo irin wannan bai ci haram ba, domin alkohol ɗin ya ɓace a cikin kwaɓin, babu ɗanɗano, babu ƙamshi, ko kek goma ya cinye ba zai bugu ba. Abin da kika sayar a baya ma babu laifi a kanki. Amma ke mai haɗawa, kwalbar tana hannunki. Banila ta asali da ake yi bisa dokar Amurka tana ɗauke da aƙalla kashi 35 cikin 100 na alkohol, kusan ƙarfin giya mai zafi ke nan. Sauƙin da aka yi, don matsi aka yi shi, ke kuwa ba ki cikin matsi: akwai banila ta gari, akwai wadda aka narkar a gilisarin na tsirrai, wani ruwa mai kauri da ba ya bugarwa. Ki koma gare su. Balle ma a baƙin cakulan, ƙarfin koko yakan danne banilar.

Sai kala. Ki karanta lambobin jikin kwalba. E151 haɗin sinadari ne, E153 gawayin tsirrai ne, duka halal. E120 ja ne da ake samu daga wani ƙwaro mai suna koshinil, yakan shiga wasu haɗe-haɗen kala. Hanafiyya sun hana cin ƙwari, Malikiyya sun halatta su da sharaɗin a kashe su da niyyar ci kamar fara, sharaɗin da ba mu da hanyar tabbatar da shi a masana'antar waje, don haka barinsa ya fi. Jelatin kuwa, wato sinadarin daskarar da abu da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, idan ana son ado mai sheƙi, sai wanda aka bayyana na kifi ne ko na saniyar da aka yanka. Kwalbar da babu bayanin abin da ke ciki, babu lambar NAFDAC, ki bar ta a shago.

Na tambayi masu sana'ar, suka ce mai farawa da farin cakulan ne ke shan wahalar kala: sai ta juye rabin kwalba, abu ya yi ɗaci, baƙi su tashi da baƙin harshe. Idan kika fara da baƙin cakulan, awo 2 a kan awo 1 na kirim don lulluɓi, kika ƙara baƙin garin koko, ɗigo kaɗan ya isa, kuma launin yana ƙara duhu idan ya kwana. Shi baƙin kokon ba rini ba ne. Wani gishiri ake sa masa, dabarar da ta fito daga Holan a ƙarni na 19, kamar yadda kanwa ke sauya launin wake. Halal ne. Gawayin magani da wasu ke zubawa kuwa ki guje shi, yana tsotse maganin da mutum ya sha, ba ki san wanda zai ci ba.

Idan cakulan ɗin na man ganye ne ba na man koko ba, ki faɗa wa mai saye, kada ki karɓi kuɗin na asali. Kirim kuma ba ya jure zafin Gombe. In an ɗauke wuta ya kwana a firij har ya sauya ƙamshi, sayar da shi algus ne, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Allah ne mafi sani.