Mujallar ɗalibai: kafin maganar kuɗi, wa zai gaje ku?

Wa alaikis salam, ƙanwata. Kin ce ku shida ne, dukanku 'yan aji uku, kuna son fara mujallar waƙoƙi, gajerun labarai da zane a jami'arku, aikin sa-kai, kuma kina tambaya ta ina ake samo kuɗin bugu. Na yi shekara uku a irin wannan hidima, biyu daga ciki ni ce edita.

Abin da ya tsaya mini a rai ba kuɗin ba ne, wannan "dukanmu 'yan aji uku" ɗin ne. Baɗi war haka kuna fama da kundin kammala digiri, daga nan sai bautar ƙasa. Wa zai fitar da fitowa ta uku ta mujallar? Mu a nan muka sha wuya. Lokacin da malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki a 2022, daga Fabrairu har Oktoba, duk rubuce-rubucen da muka tace suna cikin kwamfutar mutum ɗaya. Kafin a dawo kwamfutar ta lalace, ƙungiyar kuma ta watse, kowa na neman cike gurbin karatunsa. Sai da muka bi marubuta ɗaya bayan ɗaya muna roƙon su sake turowa, wasu har yau ba mu same su ba. Don haka tun yanzu ku jawo 'yan aji ɗaya da aji biyu, ko mutum uku ne, ku ba su aiki na gaske, su zauna tare da ku wajen zaɓen rubutu. Ku buɗe imel da Google Drive da sunan mujallar, mutum uku su san lambar sirrin. Ku nemi malami ɗaya a sashe ya zama uban ƙungiya, domin shi yana nan bayan kun tafi.

Batun kuɗi kuwa, ku fara da ƙarami. A 1958 marubuci J. P. Clark yana ɗalibi a Ibadan ya fara The Horn, 'yar ƙaramar mujallar waƙoƙi, kuma fitattun marubuta Wole Soyinka da Christopher Okigbo sun fito a cikinta. Shafi 32 ya ishe ku. Ki lura, idan ɗinkin tsakiya za a yi, dole yawan shafukan ya rabu da huɗu, in ba haka ba mai bugu zai bar muku fararen shafuka. Launi a bango kawai, sai shafuka huɗu na tsakiya don masu zane. Mu karo-karo muka yi, muka ƙara da tallar masu shagon fotokwafi da ke kusa da makaranta, sauran masu karatu muka tura musu PDF ta WhatsApp.

Wani abu da ba wanda ya gaya mana: haruffa masu lanƙwasa. Fitowarmu ta farko, duk ƙ da ɗ da ɓ sun koma akwatuna, saboda salon rubutun da muka zaɓa babu shi a kwamfutar maɗaba'a. Na yi kuka ranar, domin waƙar wata yarinya ce ta fi lalacewa, kuma shi ne karon farko da ta ga sunanta a takarda. Kada ku biya sauran kuɗi sai kun riƙe samfuri a hannu kun karanta shi layi-layi.

Wajen zaɓe, a cire sunan marubuci kafin a karanta. Za ki ƙi aikin ƙawarki wata rana, wannan tsarin ne zai tsare zumuncinku. Wanda aka ƙi nasa kuma a rubuta masa layi biyu na dalili, da yawa sukan dawo da wanda ya fi.

Idan kun kai fitowa ta biyu, ku nemi lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla, a Laburaren Ƙasa. Ina da takardar ƙa'idojin karɓar rubutu da muka yi amfani da ita, ki yi mini magana ta gefe in turo miki.